Rigar Mama Mai Zaman Mutum Biyu

A layinmu babu wanda bai san Injiniya ba, domin ko ba ka neme shi ba muryarsa za ta same ka. Gyaran kujeru yake yi a wani shago mai ƙofar ƙarfe, tsakanin Mai Aski da mai gyaran babur. Shi ya laƙa wa kansa sunan Injiniya, mu kuma muka bar masa, don musu da shi ya fi kiran sunan wahala. A faɗarsa, duk wani abu mai laushi a duniya a tafin hannunsa yake. Ya taɓa gyara wa Mai Aski kujerar aiki, ya ɗame ta har ta zama in ka zauna sai ka zame ƙasa, amma har yau cewa yake wandunan mutane ne ke da santsi.

Matarsa, Maman Biyu, mace ce mai jiki, Allah ya yi mata ƙira a wadace. A gidan burodi take aiki, gaban tanda, daga asuba har rana ta yi tsaka. Da zafin bana ya shigo, ƙugiyoyin rigar mamanta suka sa ta a gaba. Gumi ya sa suka yi tsatsa, suka riƙa gurzar tsakiyar bayanta har wurin ya zama gyambo. Ta yi ta fashin aiki, har mai gidan burodin ya ja ta gefe ya ce yana ganin mutuncinta, amma in ta sake fashi zai sa wata a gaban tandar.

Yayarta ce ta cece ta. Ta kawo mata wata rigar mama ta auduga, marar ƙugiya, marar waya, mai faffaɗan hannu da faffaɗar roba a ƙasa, ta kai ake zura ta kamar singileti. Guda ɗaya ce tak, don da ƙyar aka samo mai girmanta. Kullum da yamma Maman Biyu ta wanke ta shanya, da asuba ta ɗauka ta sa. Ciwon ya fara kamewa, fashi ya ƙare, har waƙa na fara jin tana yi wajen wanke-wanke. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma gajeruwa ce, shi ya sa babu abin da ya wuce ni a labarin nan.

Ranar hutunta ta wanke rigar, ta shanya a igiya, ta tafi dubiya. Injiniya ya dawo cin abinci, ya sunkuya zai wuce ƙarƙashin igiyar, rigar ta shafe shi a fuska. Ya ja baya, ya cire ta, ya juya ta ciki da waje.

"Wannan ce ake ta yi wa kirari?" ya tambayi kansa. "Ba soso, ba ƙarfe, ba komai. Ƙyalle ne da roba. Ashe haka ake cutar matan mutane."

Ya cusa ta a aljihu, ko abincin bai ci ba ya koma shago.

Mai Aski ya leƙo ya same shi a duƙe da reza a hannu.

"Injiniya, hular wa kake farkewa?"

"Ba hula ba ce. Kayan aiki ne."

Mai Aski ya matso, ya gane abin da yake kallo, ya ja da baya har ya taka gwangwanin gam.

"Ta madam ce?"

"Samfur ne. Ka san yawan mata masu jiki a layin nan kaɗai? Duk ƙugiya na cin bayansu, babu mai tausaya musu. Kafin zafin nan ya wuce kamfani zan buɗe. Kai ma in ka yi hankali na ba ka gadi."

"Ta san ka ɗauko?"

"Ka taɓa ganin likita ya nemi izinin ciwo kafin ya yanka?"

"Na marar lafiyar dai yake nema."

Injiniya bai saurare shi ba. Ya warware ɗinkin kaf, ya datse robar don ya ga abin da ke cikinta, ya shimfiɗa guntayen a kan kwali ya zana siffarsu da alli. Da ya gama sai ya ce bari ya mayar da ita yadda take kafin mai ita ta dawo. Sai dai kekensa na ɗinkin fata ne, allurarsa ta kusa kaurin ƙusa. Keken ya haɗiye audugar ta gaba, ya tofo ta ta baya duk huda.

Maman Biyu ta dawo ta tarar da igiya babu komai. Ta duba bayan randa, ta leƙa gidana ko iska ta jefo, tana cikin haka sai ga shi ya shigo yana fito.

"Baban Biyu, ka ga rigata a igiya?"

"Na gani. Na ma kammala bincike a kanta."

Ya zazzage guntayen a kan tabarma. Ta dube su, ta dube shi, ta nemi bokiti ta kife ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba, kuma duk mai hankali da ya ga hakan ya san lokacin neman gafara ya yi.

"Ita kenan gare ni," ta ce.

"Shi ya sa. Matar Injiniya da riga ɗaya, ai abin kunya ne. Dozin zan yi miki. Ki ba ni jibi."

"Gobe da asuba me zan sa?"

"Tsohuwar mana. Ɗan lokaci ne, ai ba cinye ki za ta yi ba."

Washegari na ga fitarta. Ta cusa auduga a ƙarƙashin ƙugiyoyin, tana tafiya a sandare don kada bayanta ya motsa. Ta ba ni tausayi ƙwarai, shi kuwa na ji kamar in tsallaka katanga in tashe shi da ruwan sanyi.

A shago aiki ya kankama. Injiniya ya yi wa Mai Aski bayanin cewa masu yin ta asali ba su san aiki ba. Auduga tana shan gumi ta jiƙe, don haka shi da baƙar ledar kujera zai yi, wadda ruwa ba ya ratsawa. A ciki zai sa soso mai kauri. A ƙasa kuma zai sa irin robar da ake ɗaurewa ƙarƙashin mazaunin kujera, wadda ƙarti ke zama a kanta shekara da shekaru ba ta saki ba.

"Sannan ga sirrin sana'a," ya ce, yana rage murya. "Duk awon da ka yi, ka rage yatsa huɗu. Yadi in ba a ja shi ba tattarewa yake."

"A kujera kenan."

"Mutum da kujera duk ɗaya ne. Katako a ciki, laushi a waje."

"To awon matan fa? Kai za ka bi su gida-gida da tef?"

"Ni mutumin banza ne? Ba sai na taɓa kowa ba. Babu gidan da ban gyara wa kujera ba a layin nan. Inda mace take zama, soso yana riƙe da labarinta. Faɗin kowa yana kaina."

Haka ya yanka su girma-girma: mai zaman mutum ɗaya, mai zaman ɗaya da rabi, da mai zaman mutum biyu. Da ya ga sun yi masa fili da yawa, sai ya dasa maɓalli a tsakiyar kowane ɓangare yadda ake yi wa majinginar kujera, ya kewaye ƙasan da geza mai ruwan gwal.

Ta farko ya kai wa matarsa, mai zaman mutum biyu. Ta ɗaga ta da hannu biyu, ta auna nauyinta.

"Wannan sawa ake yi, ko zama ake a kai?"

"Gwada mana ki ji daɗi."

"Bayana ba zai ɗauka ba."

Ta ajiye masa a cinya ta shige ɗaki. Ya ce dama haka mata suke da sabon abu, sai sun gani a jikin wata.

Don haka ya sa ɗaya a baƙar leda ya nufi gidan Malama, wadda ta shugabanci makarantar layinmu har ta yi ritaya, kuma har yanzu in ta yi gyaran murya manya ma gyara tsayuwa suke yi. Ta buɗe ƙofa, ya rusuna.

"Malama, ga kyauta daga kamfani. Ki gwada, ki gaya wa ƙawaye."

Ta sa tabarau, ta zaro abin, gezar tana lilo.

"Mene ne wannan?"

"Ta ciki ce. Marar ƙugiya. Daidai ke."

"Wa ya gaya maka daidai ni?"

"Kujerarki mai ruwan ƙasa, ta kusa da taga. Ɓangaren hagu ya fi lotsawa. Mai zaman ɗaya da rabi na yanka miki, kuma wallahi na yi miki sassauci."

Ƙofar ta rufe da ƙarfin da ya kaɗa masa hula. Ya dawo ya gaya wa Mai Aski cewa kunya ce kawai, kasuwa ta karɓi kaya.

Kafin la'asar labari ya zaga layi. Matan da ke da kujeru a shagonsa suka aiko aka kwashe, wata ma ba a gama rufe ta ba, soso a waje. Wasu suka koma zaman tabarma a gidajensu don kada kujera ta kai rahoto. Shi kuwa washegari da safe ya ɗaura waya a gaban shago, ya rataye kayansa reras. Mai gyaran babur ya zo ya latsa ɗaya, ya tambaya ko akwai ta ƙaramin babur.

Rana na tsaka sai ga Yaya, yayar Maman Biyu, da lema a hannu. Ita ma ba baya ba ce wajen jiki, wajen baki kuwa ta ninka ƙanwarta. Masu jiran aski suka fito, masu wucewa suka rage sauri, matan layi suka tsaya a bakin ƙofofinsu.

"Sannu da zuwa, Yaya. An zo ganin kamfani?"

"Ina rigar da na kawo wa ƙanwata?"

"Ta zama uwa, Yaya. Ga 'ya'yanta nan a rataye."

Yaya ta zunguri mai zaman mutum biyu da tsinin lema. Ta yi ƙara kamar ganga.

"Ta ina ake shiga?"

"Ta kai."

"Ta ina ake fita?"

"Ta inda aka shiga mana."

"Zafi fa?"

"Wane zafi? In kika sa ta sai kin nemi mayafi."

"To shiga mu gani."

Injiniya ya yi dariyar yaƙe. "Haba Yaya, ai ta mata ce."

"Kai da ƙanwata faɗinku ɗaya. Na ga yadda ka lotsa bencin nan, kuma na ji an ce soso ba ya ƙarya."

Jama'a suka fashe da dariya. Mai Aski ya ce shi dai a iya saninsa, injiniyan gaske shi ke fara hawa abin da ya ƙera. Wannan maganar ce ta kashe shi. Ya tuɓe riga, ya rage singileti, ya ɗaga hannuwa sama ya zura kai. Rigar ta tsaya a kafaɗa ta ƙi gaba. Mai Aski ya kama gefe ɗaya, mai gyaran babur ya kama ɗayan, suka ja ƙasa yadda ake sa taya a kan ƙarfenta. Robar ta miƙe, ta miƙe, sannan ta faɗa wurinta da wani irin sauti da ya sa tantabarun kan rufi suka tashi.

Ga Injiniya a tsaye, ƙirji ya yi gaba, maɓallai biyu suna kallon jama'a, geza tana rawa a kan tumbinsa. Ya taka zuwa bakin titi ya dawo.

"Kun gani?" ya ce, muryarsa ta sirance. "Ko tattara ɗaya babu."

"Yi numfashi mu gani," in ji Yaya.

"Ina yi. A ciki."

Ta sa aka jawo mata benci cikin inuwa, ta zauna, ta ce ya ɗan ƙara tsayawa a rana don mata su ga kaya da kyau. Baƙar leda kuwa ta samu abin da take so. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, ya gangaro wuya, ya shige ciki, kuma kamar yadda ya yi alkawari, ko ɗigo bai fito ba. Sosan ya sha ya ƙoshi, rigar ta ƙara nauyi. Fuskarsa ta yi jawur, ya ce tallan ya isa haka.

Ya harɗe hannuwa ya kama ƙasan ya ja sama. Robar ta naɗe kamar igiya, ta haye har ƙarƙashin hammatarsa, ta kulle. Hannuwansa suka tsaya a sama, rabin fuskarsa a cikin soso, maɓalli ɗaya a kan hancinsa. Ba gaba, ba baya.

"Ku ɗan taimaka," murya ta fito daga cikin soso. "Ƙaramin saiti ne."

Mai Aski ya zazzaga masa hoda, ta haɗu da gumi ta zama kwaɓi. Mai gyaran babur ya ce wannan aikin mai ne, ya tsiyaya masa baƙin mai ta wuya. Suka kama suka ja sama da ƙarfi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, hannunsu ya zame, robar ta koma ta tsula masa a baya. Ya yi wata 'yar ƙara, ya ce da gangan ya yi don a ga ƙarfin roba. Wani ya ce a kawo almakashi.

"Kada a yanka. Samfurin kamfani ne."

Aka bar shi da samfurinsa. Ya juya hagu, ya juya dama, ya yi karo da wayar da ya rataye sauran, suka zubo masa a ka. Can sai muryar ta sake fitowa, a hankali.

"To a ɗan yanka kaɗan."

Almakashin Mai Aski ya ciji robar ya lanƙwashe. Aka ɗauko babban almakashin shagon, amma robar ta nutse cikin nama, babu mai ƙarfin halin zura shi. Mai Aski ya ce shi gashi ya sani. Mai gyaran babur ya ce in da zarto ne da ya gwada.

Ana cikin haka jama'a suka dare, ga Maman Biyu ta taso daga aiki, fulawa har gwiwar hannu, tana takawa a hankali irin na mai ciwon baya. Ta tsaya ta kalli mijinta daga hannuwan da ke sama har zuwa gezar. Ta karɓi almakashin, amma ba ta matsa ba.

"Baban Biyu, kana jina?"

"Ina ji, Maman Biyu. Allah ya kawo ki."

"Tana gurzar ka?"

"Kaɗan."

"A ina?"

"Tsakiyar baya. Kamar wuta."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe. Ya kusa rabin awa."

"Ni tun asuba nake cikin tawa, gaban tanda, a kan gyambo. Jiya ma haka. Ɗan lokaci ne, ai ba cinye ka za ta yi ba."

Ni kaina da nake ta dariya tun farko, sai na riƙe ta kamar kowa.

"Na tuba," in ji soso.

Ta zagaya bayansa, ta zura yatsu biyu ƙarƙashin robar, ta bi da almakashin ta datse daga ƙasa har sama. Rigar ta buɗe, ruwan da ta tara ya zubo masa a ƙafa, ya faɗi zaune a kan benci yana haki, baƙin mai da farar hoda sun yi masa zane. Yaya ta ɗaga rigar da tsinin lema ta duba inda aka yanka.

"Yanzu ta yi kyau," ta ce. "Saura ka sa mata ƙugiya a nan."

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle gaba ɗaya, har Malama na hango a bakin ƙofarta tana goge tabarau.

Maman Biyu ta shiga shagon ta ɗauko kwalin da ya yi zane a kai da guntayen tsohuwar rigarta. Ta wuce gida ta buɗe akwatinsa, ta ciro farin yadin auduga mai laushi da ya ɓoye don ɗinka kaftanin ranar buɗe kamfani. Da ta zo wucewa da shi a hammata, ya ɗaga kai.

"Wannan ai na bikin kamfani ne."

"Kamfanin ne ya biya ni diyya."

Ita da Yaya suka kai wa telar mata da ke bayan layi. Tela ta auna ta da tef, ta ƙara yatsa biyu maimakon ragewa, kafin faɗuwar rana ta gama ta farko, sauran suka biyo baya. Washegari Maman Biyu ta isa gaban tandarta a kan lokaci. Kayan kamfani kuwa Mai Aski ya ɗauki ɗaya ya ɗaura a majinginar kujerarsa, kuma gaskiya wajen tallafe ƙeya babu kamarta.

Da yammar ranar da abin ya faru, ina kwashe shanya na hango su ta kan katanga. Yana zaune a tabarma, bayansa ya yi jan layi daga hammata zuwa hammata, tana shafa masa man zafi yana cije baki. Da ta gama ta miƙa masa kwalbar, ta juya masa baya, ta sassauta zaninta kaɗan. Daidai inda nasa layin ya bi, nan nata gyambon yake, ya sake buɗewa, gefensa duk tabon tsofaffi. Ina jin ranar ya fara kallonsa da idon gaske. Ya lakato man da ɗan yatsa, ya riƙa shafawa a gefe-gefe a hankali, yana hura mata iska.

Can ya ɗaga kwalbar ya shinshina.

"Wannan man ma, da ni na haɗa shi..."

"Baban Biyu."

"Na'am."

"Shafa kawai."

Ya ci gaba da shafawa.